Zuciya Ma Sai Ta Kawo Shaida

 Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamanmu limamai Allah ya gafarta muku, ma'aikatan lafiya da malaman makaranta, iyayena mata da ke wancan gefe, da 'yan'uwa da suka yi sammako daga Bebeji da Kiru da Doguwa suka iso Tudun Wada, sannunku da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

An ɗora mini nauyin yin magana a kan ilimin halayyar ɗan'adam da amfaninsa a rayuwarmu ta yau da kullum. Na san da zarar an ambaci wannan fanni, hankalin mutane kan tafi Dawanau, asibitin masu taɓin hankali. To, wannan reshe ɗaya ne, reshen da ke kula da zuciya in ta yi ciwo. Akwai ɗaya reshen da ke nazarin lafiyayyen mutum: yadda yake tuna abu, yadda yake mantawa, yadda yake yanke shawara a kasuwa da gona, da inda tunaninsa kan zame ba tare da ya sani ba. Daga rassan biyu zan tsakuro, amma maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Abin da zuciya ta raya maka da'awa ce, ba hukunci ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban alƙali ya san mai da'awa shi ake ce wa ya kawo shaidu. Mu kuwa zuciyarmu kaɗai muka bar wa ta shigar da ƙara, ta yi shaida, ta yanke hukunci, duk a zama ɗaya.

A farkon shekarun 1960, wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Filadelfiya na Amurka mai suna Aaron Beck ya lura da wani abu a wurin masu ciwon damuwa da yake dubawa. Kafin ransu ya ɓaci, akwai wata gajeriyar magana da kan gilma musu a rai cikin ƙiftawar ido, har su kansu ba sa ankara da ita: ba ni da amfani, kowa ya gaji da ni, gobe ma haka za ta kasance. Sai ya riƙa sa su su kamo maganar, su rubuta ta, su zauna tare su auna ta da abin da ya faru a zahiri. Da yawa suka samu sauƙi. Daga nan aka gina hanyar magani ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda a yau tana cikin hanyoyin da aka fi gwadawa aka tabbatar da amfaninsu a duniya.

Bari in kawo ta ƙofar gida. A ce bayan sallar Magariba ka yi wa maƙwabcinka sallama, ya wuce bai amsa ba. Kafin ka saka takalmi zuciya ta gama shari'a: raina ni ya yi, saboda kuɗin takin da yake bi na. Ka shiga gida fuska a murtuke, tuwo ya ƙi ciyuwa, uwargida ta tambaya ka ce ba komai. Washegari ka canza sahu a masallaci. Kwana uku ka hana yaranka shiga gidansa. Kafin sati ya zagayo an shiga gaba, shi kuma bawan Allah yana can yana tambayar kansa laifin da ya yi. Ku lura da jerin: abu ya faru, zuciya ta fassara shi, fassarar ta haifi ɓacin rai, ɓacin ran ya haifi aiki. Mu kan tsallake mataki na biyu, mu ce shi ya ɓata mini rai. Alhali abin da ido ya gani kaɗan ne: mutum ya wuce bai amsa ba. Sauran duk ƙari ne daga cikinka.

Tambayoyi uku nake so ku riƙe. Me na gani da idona ko na ji da kunnena, ban da abin da na ƙara? Wace fassara ce kuma za ta iya dacewa da abin da na gani? Da aminina ne ya kawo mini wannan labari, me zan ce masa? Ta ukun ta fi ƙarfi, domin mun fi yi wa abokanmu adalci a kan yadda muke yi wa kanmu. Za ka ce masa: haba Malam, wataƙila bai ji ba, ka manta yaronsa na kwance a asibiti? Malamanmu sun daɗe suna yi mana wa'azin kyautata zato, wannan kuwa hanyar aikata shi ce mataki-mataki. Amma kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake mutum ya yaudari kansa ba. Wani lokaci ka bincika ka tarar lallai da gangan ya ƙi amsawa. To, ko a nan ka ci riba, domin yanzu matsalarka ta zama takamaimiya, bashi ne tsakaninku, ana iya zama a tsara biyansa. Wancan hukunci na cewa kai ba kowa ba ne a unguwa, shi ba shi da inda za a kama a warware.

Kada wani ya ce wannan ilimin Turawa ne. Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda aka haifa wajen shekarar 850 a yankin Balkh da ke Afganistan ta yau, ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, wanda ya danganta da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, domin ya same su a kusa ranar da hankali ya tashi. Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara ɓangaren littafin da ya shafi zuciya zuwa Turanci. Sama da shekara 1000 ke tsakanin al-Balkhi da Beck.

Yanzu mu shiga gona, domin a nan ne na fi son mu daɗe. A shekarar 2013 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Su ma kuɗinsu sau ɗaya yake zuwa a shekara. Masu binciken suka yi wa kowane manomi gwajin kaifin tunani sau biyu, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan an biya shi kuɗin rakensa. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma sakamakon kafin girbi ya fi rauni ƙwarai. Bayanin da suka bayar shi ne lissafin babu yana cinye wurin tunani. Wanda ke kwana yana tashi da tambayar ina zan samo na cefanen gobe, ɗan abin da ya rage masa na hankali ba ya isar sa hangen wata shida.

Wa zai gaya wa mutumin Doguwa ko Tudun Wada wannan? Kun san watan Agusta. Marka ta sauka, rumbu ya yi ƙasa, masara ba ta nuna ba, zazzaɓi ya kwantar da yara biyu, ga taki na biyu ana jira. A wannan watan ne ake cin bashin da za a biya da buhu a kaka, a farashin da mutum in yana cikin hayyacinsa ba zai yarda ba. A watan ne ake jinginar da gona, a watan ne ƙaramar magana kan zama saki. Sai mu ce wane ba shi da lissafi. Ni ban yarda ba. Lissafi gare shi, nauyi ne ya danne shi. Abin yi a nan bayyananne ne: manyan shawarwari a yanke su da kaka, ba da marka ba. An gwada wannan a yammacin Kenya. Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun ba manoma damar biyan kuɗin taki nan take bayan girbi, a kai musu har gida. Yawan masu sa taki ya ƙaru sosai, ba don an karya farashi ba, don kawai an matso da ranar yanke shawara zuwa lokacin da kuɗi ke hannu kuma kai yake a sake. Ƙungiyoyin manomanmu da masu adashi na iya yin wannan ba tare da jiran gwamnati ba. Ranar da ka sayar da shanshera, ranar za ka ware kuɗin takin baɗi, ka ba wanda ba zai dawo maka da shi ba ko ka roƙe shi.

Tun da mun zo kasuwa, ga wani tarko. A 1974 Daniel Kahneman da Amos Tversky sun juya wata ƙafar caca a gaban mutane, wadda aka shirya ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 suka ce wajen 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. Lambar da ba ta da alaƙa da tambayar ta ja amsarsu. Iyayena masu turara shinkafa, ku kun fi ni sanin wannan a aikace. Dillali ya cusa hannu a buhu, ya watsa ƙwaya a tafinsa, ya karya ɗaya da haƙori, ya yamutsa fuska, ya yi tayi can ƙasa. Kika ce albarka. Amma daga nan duk cinikin a gindin tayinsa yake zagaye, in ya ƙara kaɗan sai ki ji kamar kin yi nasara. Maganinsa a gida yake. Kafin ki fito, ki haɗa kuɗin shanshera da itace da ruwa da inji da dako da la'ada, ki tsayar da farashin da ba za ki sallama ƙasa da shi ba. In kin shigo da taki lambar, tasa ba za ta ja ki ba.

Malaman makaranta, naku a taƙaice ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko take aukuwa, kuma karatun da aka rarraba a kwanaki ya fi zama a kan wanda aka dunƙule a dare ɗaya. Binciken baya-bayan nan ya ƙara da cewa rufe littafi a jawo abu daga ka ya fi maimaita kallonsa. Alarammominmu na tsangaya da ke sa tilawa da asuba da dare, su sa gardi ya rubuta allo da ka, a kan wannan suke tun tuni. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ya ari dabararsu.

Sai tsoro. Duk wanda ke bin hanyar Jos ta dajin Falgore ya san shekarun da aka sha na 'yan fashi da masu satar shanu da garkuwa da mutane, kafin a girke sojoji a dajin. A cikinmu akwai direbobi da fasinjoji da aka taɓa tarewa, aka kwantar a bakin titi da bindiga a ka. Wasu sun koma harkarsu bayan 'yan makonni, kuma haka aka fi gani. Wasu kuwa har yau abin bai sake su ba. Mafarkin yana dawowa, taya ta fashe a tasha gabansu ya yanke ya faɗi, gumi ya keto, su riƙa faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, kuma haka ƙwaƙwalwa take aiki, tana faɗaɗa tsoro ya mamaye duk abin da ya yi kama da ranar. Inda matsalar take shi ne gudun. Duk ranar da ya ƙi hawa mota sai ya ji sanyi a ransa, wannan sanyin kuma shi ke koya wa zuciya cewa gudun ne ya cece shi. Da haka da'irarsa ke ta ƙuntata, daga hanyar Jos zuwa kowace hanya, daga nan zuwa tasha, har ya koma zaure. Maganin da aka tabbatar shi ne komawa a hankali, daki-daki, tare da wanda ya amince da shi. Yau ya zauna a tasha har bugun zuciya ya lafa da kansa, gobe ya shiga motar tana tsaye, jibi a je Kwanar Dangora a dawo. Ina jaddada cewa wannan ga abin da ya zama lafiya ne a zahiri. In hanya ba ta da tsaro, tsoronta hankali ne. Kuma kada a tilasta wa mutum ba da labarin abin da ya same shi a majalisa, kada a yi masa dariya a ce namiji da tsoro.

Iyayena mata, yanzu gare ku. Yarinya ta haihu lafiya, an yi suna, an ci an sha, baƙi sun watse. Sati uku, sati huɗu, sai ki lura tana zaune a bakin gado ta ƙura wa bango ido, jariri na kuka a gefenta ba ta ɗauka ba sai an yi magana. Kunun kanwa ya huce a kwano. Ki tambaye ta, ta ce ba komai Inna, hawaye na zuba. Sau da yawa abin da kan biyo baya faɗa ne: me kika rasa, Allah ya ba ki ɗa kina butulci? Ina roƙonku da girman Allah ku daina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen 13 cikin 100 na masu jego a duniya na fama da irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa 20. Ba rashin tawakkali ba ne. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Wa zai tuhumi imaninsu?

Abin farin ciki shi ne taimakon bai tsaya ga likita kaɗai ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, al'ummar Musulmi manoma irinmu, Farfesa Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa ziyartar masu ciki da masu jego da ke cikin damuwa, suna bin hanyar nan ta auna tunani. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna bayan wata 6, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, a rukunin da ba a bi wannan hanya da su ba kuwa 53. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, abin kuma ya yi aiki. Ba mu rasa kakanni ba, ba mu rasa ungozomomi ba. Abin da ake so ki yi kaɗan ne. Ki zauna kusa da ita, ki ce: 'yata, gaya mini abin da ke ranki, sannan ki yi shiru ki saurara har ta gama. In ta ce ni ba uwar kirki ba ce, kada ki musa da ƙarfi, ki tambaye ta wa ya tashi sau uku jiya da dare ya ba shi nono. Ki karɓi jaririn ta samu barci. Ki sa ta ƙaramin abu ɗaya kullum, ko tsince shinkafa a tsakar gida tare da ku, domin a ciwon damuwa motsi ne ke jawo kuzari, in aka ce sai kuzari ya zo za a motsa, an daɗe ana jira. Kai kuma maigida, zamanka na minti 10 a ɗakin kana tambayar ya jiki ya fi kazar da ka aiko.

Amma komai da iyakarsa, kuma wajibi ne in faɗi inda dabarar gida ta ƙare. In ƙunci ya wuce sati biyu, barci da cin abinci sun lalace, mutum ya kasa aikinsa, a je asibiti. In yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana surutai, ko mai jego ta rikice tana cewa jaririn ba nata ba ne, wannan na gaggawa ne, a ranar za a tafi, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron. In rikicewar ta zo da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, cutar jiki ce mai kisa cikin sauri. A fara da babban asibitin nan na Tudun Wada ko mafi kusa, su tura Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga matasan da ƙwaya ta kama, gwamnatin jiha na da cibiyar gyaran hali a Kiru. Ba na ce a bar addu'a ko ruƙiyya ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, da ya fara tsarinsa a Aro ta Abeokuta a 1954, ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta yaba. A yi addu'a a sha magani. Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne mari da duka da kulle mutum a ɗaki mai duhu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi. Tun kafin doka ma, ɗanka ne, ƙaninka ne.

Magana ta ƙarshe mai nauyi ce, amma yankin noma ne nan, dole a yi ta. In ɗanka ko matarka ko abokinka ya ce gara ma in mutu in huta, kada ka ce masa ya daina sakarci ka wuce. Ka ja shi gefe ka tambaye shi kai tsaye: kana tunanin halaka kanka ne? Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Sannan a duba gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha. Irin wannan yunƙuri yakan zo ne a cikin ɗan lokaci na tsananin ƙunci, bayan faɗa ko wulaƙanci ko auren da ba a so, in abin sha bai kusa ba sai lokacin ya wuce mutum yana raye. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan feshi mafi guba, kisan kai ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A nan gida ma NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin su Sniper a 2019. Maganin feshin shinkafa da na ciyawa da fiya-fiya da ƙwayar da ake sa wa a buhun wake, kada su kwana a ƙarƙashin gado ko kan taga ko kusa da madafa. A sayi daidai na feshin ranar, abin da ya yi saura a sa a akwati a datse da kwaɗo, makullin ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ina roƙon masu unguwanni da limamai su isar da wannan ga jama'a kafin feshin bana.